Farar Giya da Acca a Hunturun Jos

Idan Disamba ta kama a Jos, masu gwanjo a Katako kan baje rigunan sanyi, iyaye su shiga neman man kaɗanya saboda fason ƙafar yara. Ni kuwa a lokacin nake sauko da babbar tukunya daga saman kanta. Garin nan yana bisa tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, shi ya sa dare kan yi sanyin da mutumin Lafiya ko Abuja ba ya gani a gidansa. Ɗakin ajiyarmu yana bayan gida, rana ba ta dukansa, kuma ma'aunin zafin da na rataye a ciki yakan tsaya tsakanin digiri 16 da 20, dare da rana. Daidai abin da yis, ƙwayar da ke tayar da giyar da nake dafawa, yake so ke nan. Wanda ke Abuja sai ya tanadi firji da wutar da ba ta yankewa kafin ya sami abin da Allah ya ba mu a kyauta.

Giyar da nake nufi ita ce wadda Amurkawa ke kira blonde ale. Launinta ruwan zuma ne mai haske, ɗacinta kaɗan, ƙarfinta kuma bai cika wuce kashi 5 cikin 100 ba. Mutane kan ɗauka tunda tana da sauƙin sha, to dafa ta ma sauƙi ne. A wurina ta fi baƙar giya wuya. Baƙar giya tana da gasasshen hatsi mai ƙauri da ɗaci, idan an sami 'yar tangarɗa sai ya danne ta. Fara kuwa ba ta da abin da zai rufa mata asiri. In ruwan da ka yi aiki da shi yana da warin magani, za ka ji shi a kofi. In zafi ya yi mata yawa lokacin da take tashi, za ka ji. In bokitinka bai wanku ba, za ka ji. Duk aikin nata tsabta ne da kula da zafi, sauran kuma jira.

Ba a littafi na fara ganin dafa giya ba. Goggona, ƙanwar babanmu, ta yi shekaru tana dafa burkutu a Tudun Wada, da shi ta biya kuɗin makarantar 'ya'yanta. Tun ina yaro na san yadda ake jiƙa dawa, a shimfiɗa ta a rufe har ta yi tsiro, a shanya, a kai niƙa. Na san ƙamshin ƙullu a kan wuta da yadda ake ba aladu dusar. Saboda haka da na shirya wannan dahuwar, sai na aika aka ɗauko ta, ta zauna a kujera 'yar tsugunno a bakin madafa tana kallon kowane motsi nawa.

Kayan haɗin ba su da yawa, samunsu ne aiki. Tsiron sha'ir mai haske kilo 3.7, acca rabin kilo, furen hof (mai ba giya ɗaci da ƙamshi) giram 40, da ƙunshin busasshen yis guda ɗaya. Ba za ka sami tsiron sha'ir a Taminus ko a kasuwar Bukuru ba. Nawa wani ɗan'uwa da ke tafiye-tafiye ne ya zo mini da shi, haɗe da hof da yis. Goggo ta damƙi sha'ir ɗin ta tauna, ta ce, "Ɗana, duk dawar da ke garin nan, sai ka aika ƙasar Turawa?" Tambayar tana da tushe. A 1988 gwamnatin tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir, kuma kamfanonin giya na ƙasar nan, har a zamanin da ake yin giyar Rock a nan Jos, suka koma dogaro da dawa da masara. Daga baya an ɗage hanin, amma har yau dawa ba ta fita daga giyar kwalba ta Najeriya ba. Matsalar mai dafawa a gida ita ce, sitacin dawa ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 70, alhali a wannan zafin sinadaran da ke cikin tsiron, waɗanda ke mayar da sitaci sukari, sun fara mutuwa. Ga shi kuma tsiron dawa yana da ƙarancin ɗaya daga cikin sinadaran, wanda ake kira bita amiles. Kamfani yana da dabarar cike wannan giɓi da sinadarai na saye. Sha'ir kuwa sitacinsa yana narkewa a daidai zafin da sinadaransa ke aiki, kuma ƙarfinsu ya isa ya juya wani hatsin ma da aka haɗa masa.

Nan acca ta shigo. Ina so giyar ta ɗauki wani abu na ƙasar da aka dafa ta, kuma babu hatsin da ya fi acca zama namu a Filato. Wasu masu dafa farar giya a Amurka kan sa shinkafa ko masara don su rage mata nauyi, acca kuwa tana yin wannan aikin har ta ƙara da ɗan ƙamshi mai laushi. Ba ni na fara ba. Garrett Oliver na kamfanin Brooklyn da ke New York ya daɗe yana gwada ta, kuma a 2024 ya jawo kamfanoni irin su Guinness da Carlsberg suka yi giya da ita. Abin ya taɓa ni ƙwarai, ganin hatsin da muke pate da gwate da shi ya kai can.

Tun daren jajibiri na tari ruwa lita 27 na bar shi a buɗe. Ruwan famfo yana ɗauke da kulorin, kuma idan kulorin ya haɗu da abin da ke cikin tsiro, giya takan fito da warin ɗakin shan magani. Kwana a buɗe yana korar yawancinsa, tafasawa ta fi. Wanda ke da rijiya mai daɗin sha ba shi da wannan damuwar.

Sha'ir ɓarza shi ake yi, ba niƙawa ba. Ban kai injin unguwa ba, domin ba ka san abin da aka niƙa kafin kai ba, barkono ne ko ƙuli, kuma maiƙo yana kashe kumfar giya. Da ƙaramin injin hannu na yi, na sassauta shi yadda kowace ƙwaya za ta fashe gida uku ko huɗu, ɓawon ya fita kusan ɗungurungum. Acca kuma Goggo ce ta karɓe ta daga hannuna. Kowa ya san acca da yashi. Ta ɗauki ƙwarya biyu ta zauna tana regewa, tana karkata ƙwaryar a hankali, accar na gangarawa da ruwa, yashin na tsayawa a gindi baƙi-baƙi. Sai da ta maimaita har ƙasan ƙwaryar ya fito fes. Sannan muka dafa ta da lita 3 daga cikin ruwan, har ta yi luguf. Dole a dafa ta tukuna, domin ba ta yi tsiro ba, kuma sai sitacinta ya buɗe sinadaran sha'ir za su iya kama shi.

Tukunyata ta biki ce, mai cin lita 40. Na ɗora sauran ruwan a kan gas har ya kai digiri 69, na kashe wuta, na shimfiɗa babban ƙyallen tatar kamu a ciki, bakinsa na ɗaure a gefen tukunya. Na riƙa zuba ɓarzajjen sha'ir ina juyawa da muciya don kada ya yi gudaji, na bi shi da accar. Hatsin ya sha zafin ruwan, ma'auni ya sauko 66. A wannan lamba ake so a tsaya na awa guda. Ƙasa da haka kaɗan, wajen 63, sukarin da ke fita duk mai saurin cinyewa ne, giya ta fito siririya. Sama, wajen 69 ko 70, sai ta fito da kauri da saura zaƙi. Na rufe tukunyar na naɗe ta da tsohon bargo biyu, domin iskar hunturu tana sace zafi da sauri.

Wannan awa ɗaya ita ce ta fi ba ni sha'awa a duk aikin. Da farko abin da ke cikin tukunya farin ruwa ne mai kauri, ba ɗanɗano. Bayan minti 20 ka buɗe ka ga ya fara washewa, ƙamshin sabon burodi ya cika madafa. Da awa ta cika na ɗebo cokali ɗaya a farin faranti, na ɗiga aidin ɗin da ake sa wa ciwo. In da sauran sitaci, nan take zai koma baƙi mai shuɗi-shuɗi. Bai canza ba, ya tsaya ja-ja yadda yake. Wanda aka ɗiga wa aidin zubarwa ake yi, ba ya komawa tukunya. Goggo ba ta jira aidin ba. Ta sa na ɗibar mata a ludayi, ta kurɓa, ta murza ɗigo tsakanin yatsu biyu ta ji yana danƙo, ta ce, "Ya ba da zaƙinsa. Ɗaga." Lissafinta da na faranti suka zo ɗaya.

Ɗaga ƙyallen sai da ƙanena ya kama mini, domin jiƙaƙƙen hatsi mai zafi ba wasa ba ne. Muka ɗora shi a kan rariyar ƙarfe bisa tukunyar ya tsane, muka matse. Dusar ba ta da ko ɗigon barasa tunda ba a kai ga sa yis ba, maƙwabciyarmu ta aiko yaro ya kwashe wa kajinta. Maƙwabtan namu ba sa shan giya, kuma ban taɓa miƙa musu ba, amma dusar kam kullum tasu ce.

Sai tafasa. A Jos ruwa yana tafasa a wajen digiri 96 saboda tsayin gari, don haka kada wanda ya ga ma'auninsa ya ƙi kaiwa 100 ya ɗauka ya lalace. Gab da tafasa kumfa kan taso gaba ɗaya, sai ka tsaya a kai ka rage wuta, in ba haka ba ta malale. Da ta lafa na zuba hof giram 20. Irin da na samu shi ne Cascade, wanda aka fitar a jihar Oregon ta Amurka a farkon shekarun 1970, mai ƙamshin ɓawon lemo. Wanda aka zuba da wuri ya tafasa awa guda shi ke ba da ɗaci, ƙamshinsa kuwa ya bi tururi. Shi ya sa ake ajiye sauran giram 20 sai saura minti 10 a sauke. Ba a rufe tukunya a wannan lokaci, ko da gas na ƙonewa. Tsiro mai haske yana fitar da wani sinadari mai warin dafaffiyar masarar gwangwani, kuma tururi ne kaɗai ke tafiya da shi. Goggo ta shinshina hof ɗin ta yamutse fuska. A burkutu tsami ne ke daidaita zaƙi, a nan ɗaci ne, kuma hof yana hana ƙwayoyin da ke kawo tsamin yaɗuwa.

Daga lokacin da aka kashe wuta, dokar aikin ta canza. Duk abin da zai taɓa ruwan nan sai an kashe masa ƙwayoyin cuta: bokiti, murfi, mesa, cokali, har almakashin da za a yanka ƙunshin yis. Na wanke su da sabulu marar ƙamshi, na jiƙa a ruwan bilic mai rauni, na ɗauraye sosai da tafasasshen ruwa, domin ragowar bilic ma kulorin ne. Bokitin sabo ne na roba, irin na abinci, wanda ba a taɓa kankare cikinsa da soson ƙarfe ba, saboda a cikin ƙarzuwar nan ƙwayoyi ke ɓuya. Tukunyar kuma, yanzu a rufe, muka tsoma ta a babban baho, muka kewaye ta da ƙanƙarar da na sayo wurin masu sayar da ruwan sanyi. Ana so ta sauko daga tafasa zuwa digiri 18 cikin gaggawa, domin ruwa mai zaƙi da ɗumi gidan kowace ƙwaya ne.

Kafin in sa yis na auna kaurin ruwan da haidiromita, wani siririn gilashi da ke yawo a cikin ruwa, yana nitsewa ko tasowa gwargwadon sukarin da ke ciki. Ya nuna 1.045. Na juye kusan lita 20 a bokiti daga sama don ya sha iska, na bar lakar hof a gindin tukunya, na barbaɗa yis. Nawa US-05 ne, ƙunshi mai giram 11.5, an san shi da rashin ƙara wa giya wani ƙamshi nasa. A nan ne hanyarmu da ta Goggo ta rabu sosai. Ita daga tsohuwar dahuwa take ɗibar abin da zai tayar da sabuwa, kuma a ciki akwai yis iri-iri da ƙwayoyin tsami, kowa na aikinsa. Shi ya sa burkutu ake shansa yana kan tashi, kwana biyu ya wuce ya zama wani abu dabam. Ware yis iri ɗaya tak a rene shi, Emil Christian Hansen ne ya fara yi a ɗakin binciken Carlsberg da ke Kofanhegan a 1883, kuma wannan ya taimaka wajen samun giya mai ɗanɗano ɗaya daga dahuwa zuwa dahuwa.

Na huda murfin bokitin na cusa siririyar mesa, ɗaya bakin na tsoma a kwalbar ruwa, yadda iska za ta fita amma ba ta shiga. Washegari da yamma kwalbar ta fara ɓul, ɓul, a hankali, kafin wayewar gari ta koma ba ƙaƙƙautawa. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, yis yana haifar da zafin kansa. Ɗaki na iya zama 19, cikin bokiti ya kai 22 ko 23, kuma kwanaki ukun farko su ne masu haɗari. A zafi yis yakan fitar da barasa mai kaifi da ke ƙona maƙogwaro ta sa ciwon kai, da ƙamshin ayaba da bai dace da wannan giya ba. Don haka na zaunar da bokitin a baho mai ruwa, na lulluɓe shi da tawul wanda gefensa ke cikin ruwan. Busasshiyar iskar hunturu tana shan ruwan tawul ɗin tana tafiya da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Safe da yamma nake duba ma'aunin da na manna a jikin bokitin. Bai wuce 19 ba.

Bayan kwana biyar ko shida ɓul-ɓul ɗin ya ragu, a nan ne zuciya ke cewa an gama. Na cire tawul na bar ta ta ɗan ɗumama zuwa 20 ko 21, ban taɓa murfin ba. A kwanakin nan na shiru yis yana komawa ya cinye wasu abubuwan da shi da kansa ya fitar da farko, masu warin man shanu da na ɗanyen tuffa, sannan ya kwanta a gindi giya ta washe. Sai da mako biyu ya cika na auna: 1.010. Bayan kwana biyu na sake, lambar ba ta motsa ba. Idan ka cire 1.010 daga 1.045 ka ninka da 131, za ka sami ƙarfin barasarta, kusan kashi 4.6 cikin 100.

Wannan awo na biyu ba ado ba ne. In aka ɗura giya a kwalba da sauran sukarin da yis bai gama ci ba, iska za ta taru har kwalba ta fashe, kuma gilashi mai tashi yana iya makantar da mutum. Saboda haka sukarin da ake ƙarawa don ta yi gas ma sai an auna shi a sikeli, ba da ido ba. Na tafasa giram 120 a kofin ruwa, na zuba a wani bokiti mai tsabta, na janyo giyar a kai da mesa ba tare da na motsa lakar ƙasa ba. Ba a zuƙo mesar da baki, cika ta ake yi da tafasasshen ruwa a toshe da yatsa sannan a saki. Yanzu kuma iska abokiyar gaba ce, don haka bakin mesa yana ƙasa, ba fantsama. Kwalabe masu ruwan ƙasa na tara, 'yan santilita 60, wajen 30. Kore da fara suna barin haske ya shiga, kuma haske yana juya sinadarin hof ya koma wari cikin ɗan lokaci. Na buga musu sababbin murafu, na jera a kwali. Da yake ɗakin ajiya ya yi sanyi da yawa ga wannan mataki, sai na kai kwalin ƙarƙashin gado a ɗakin da rana ke bugawa, ya yi mako biyu.

Ran da na buɗe ta farko, bayan ta kwana a firji, murfin ya yi 'yar ƙara tsit. Na tsiyaya a hankali na bar ɗan abin da ya kwanta a gindi. Launinta ya fito kamar yadda nake so, da 'yar hazo kaɗan, farar kumfa ta tsaya a sama ba ta gudu ba. Ƙamshin lemo ne ke fara zuwa, sai ɗanɗanon hatsi mai taushi, ɗacin ya zo a ƙarshe ya wuce bai zauna a harshe ba. Accar ta sa ta yi sakayau. Babu warin magani, babu kaifi. Na kai wa Goggo kwalba biyu har gida. Ta ƙi kofin gilashi, ta sa aka juye mata a ƙoƙo. Ta sha, ta yi shiru, ta ce, "Ta yi tsabta, ɗana, hannunka ya faɗa. Amma ba ta riƙe ciki." Na ce, "Gaskiya ne, Goggo." Burkutu abinci ne, manomi kan sha ya koma gona. Wannan kuwa ta zaman yamma ce, da gasasshen nama ko dankalin Bokkos.

Akwai wani dalilin da ya sa na nace wa mai sauƙin nan. Duk mazaunin Jos ya ga abin da goskolo, barasar haɗin nan mai ƙarfi, ke yi wa samarinmu, yara masu ƙarfi sun koma kumburarrun ƙafa da rawar hannu, ba wanda ya san abin da aka zuba a cikin abin da suke sha. Abin yana ci mini rai. Giyar da na san kowace ƙwayar da ta shiga cikinta, na kuma san ƙarfinta da lamba, kwalba ɗaya ta ishe ni da abinci. Ba na ba yara, ba na ba wanda zai tuƙa mota ko babur, kuma ba na sayarwa, domin abin sha na sayarwa sai da rajistar NAFDAC.

Irin wannan giya ba ta son daɗewa, ƙamshin hof ɗin yana dushewa bayan wata biyu ko uku. Daga ƙarshen Fabrairu zafi zai fara shigowa, Maris da Afrilu ɗakin ajiyar ba zai ƙara riƙe 19 ba ko da tawul, don haka zan wanke tukunya in ajiye. Sai Yuli ko Agusta, idan damina ta zauna gari ya sake yin sanyi. A lokacin iska tana da laima, tawul ba zai yi aiki kamar na hunturu ba, sai dai in riƙa jefa gorar ruwa mai ƙanƙara a bahon safe da yamma. A wannan dahuwar ina so in kai accar kilo ɗaya in rage sha'ir, in ga iya inda za ta ɗauka kafin kumfar ta fara raguwa.